Amanar Zanen Cocin Bakin Kogi

Gidan da muka kama haya a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur yana hawa na tara, kuma da kayansa muka same shi: kujerun kaba masu matasai 'yan fure-fure, teburin cin abinci mai ɗingishi, wata ƙatuwar sif ta katako a ɗakin kwana, sai zane guda ɗaya a bangon falo. Maigidana karatun digiri na uku ya kawo shi, ni kuma na biyo shi da akwati biyu, aurenmu bai cika wata bakwai ba.

Ranar da za mu karɓi makulli mai gidan ta zo da kanta, ɗanta na biye da ita riƙe da jakarta. Tsohuwa ce siririya, gashinta fari fat an rage masa tsawo. Kowa Anti yake ce mata, mu ma muka bi sahu. Ta zagaya da mu, ta nuna famfon da ke ɗiga da tagar da sai an ɗaga ta take rufuwa, sannan ta ja ta tsaya a gaban zanen.

"Komai na gidan nan boleh," in ji ta, da irin Turancinsu na nan, wato ba laifi mu taɓa. "Ku canza labule, ku zubar da kujerun in sun ishe ku. Wannan kaɗai ku bar min shi a inda yake."

Maigidana ya ce ba damuwa. Ni ce uwar zaƙewa, na dafa ƙirji na ce mata amana ce, na karɓa. Ta gane kalmar, don Malayawa ma haka suke faɗa. Ta dube ni ta saman tabarau ta gyaɗa kai.

Zanen bai wuce girman tiren shayi ba, firam ɗinsa baƙi, babu gilashi. Coci ne fari a bakin kogi, rufinsa ja, da 'yar hasumiyar ƙararrawa mai gicciye a kai. Bangon da ke kallon ruwa ya yi kore daga ƙasa, alamar kogin yakan taso ya lashe shi. Bishiyoyin kwakwa uku sun karkato ta bayansa. Sararin sama tsakanin toka da ruwan goro yake, ba ka iya cewa hantsi ne ko la'asar sakaliya. Kogin kuwa ruwan ƙasa ne, ba shuɗin nan na kalanda ba, inuwar cocin ta faɗa cikinsa a kakkarye. Daga ƙofar cocin matakalar dutse ta gangaro har ruwa, kuma a mataki na ƙarshe akwai mace tsaye, da farar riga da zani mai duhu, riƙe da lema ruwan ɗorawa. Tsawonta bai kai ƙaramin ɗan yatsana ba. Ba ta da fuska, ɗigon fenti ne kawai. A gabanta kwalekwale ne, da namiji a ciki ya miƙo hannu.

A ƙasar nan yamma ake kallo a yi salla. Maigidana ya duba alƙibla a waya har sau biyu, ta nuna masa bangon nan daidai. Ya yi ajiyar zuciya, ya naɗe dardumarsa ya ce, "Sai mu riƙa yi a ɗaki." Daga nan bai sake ta da maganar ba.

Da sassafe yake fita ya kama motar makaranta, sai magariba. Ban san kowa ba, ban iya yaren ba, ina tsoron ɓata in na wuce kedai, ɗan kantin da ke ƙasan benenmu. Kusan kullum da azahar hadari zai haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, gari ya yi duhu, in zauna a kujerar kaba ni da zanen. Ni kuwa tun ina aji uku a sakandare nake karɓo hayar littattafan soyayya a shagon bakin layinmu, in cusa su a tsakiyar littafin lissafi. Duk inda na ga mace da namiji da ruwa a tsakaninsu, na riga na san abin da ke tafe. Wata rana tafiya zai yi, tana roƙonsa ya fasa. Wata rana dawowarsa ke nan bayan shekara bakwai, ya miƙo hannu, ita kuma ta kasa ɗaga ƙafa saboda rawar zuciya. Na sha yin hawaye a kan mutanen nan biyu. In na ji motsin makullin maigida sai in yi sauri in wanke fuska, don ban san yadda zan ce masa wata mai lema ce ta sa ni kuka ba.

Lahadin farko na kowane wata Anti takan biyo bayan ta taso daga coci. Ba ta da wani aiki a gidan, ɗanta ne ke kula da harkar haya. Takan zo da 'yan alawoyinsu na shinkafa da kwakwa da ta yi tapau, wato ta sayo a ƙunshe, a unguwar Kampung Baru, ta miƙo tana cewa, "Halal ne, 'yata, makan, makan," wato in ci. In dafa mata shayi mai citta da kanumfari, ta ce zai ƙona mata hanji, ta shanye tas. Sai ta juya kujera ta fuskanci bango. Ba ta daɗewa, kamar rabin awa.

A zuwanta na uku na kasa haƙuri, na ba ta labarin masoyan nan yadda na tsara shi, har da shekara bakwai ɗin. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido.

"Saurayi! Kifi take saye, lah. Wannan mai kifi ne, kuma macuci ne, babana ya ce kullum sai sun yi faɗa a kan sikeli."

"To wace ce ita?"

"Uwata ce."

A ranar, da sauran Lahadin da suka biyo baya, ta ba ni tarihin zanen gutsure-gutsure. Su mutanen Malaka ne, daga cikin kiristocin nan da kakanninsu suka gauraya da Turawan da suka fara zuwa ta teku. Mahaifinta akawu ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, bai taɓa koyon zane a wurin kowa ba. Uwarta ta rasu da zazzaɓi lokacin yaƙi, Anti tana da shekara huɗu. Hoton aurensu, wanda shi kaɗai ne hoton matar a duniya, ya salwanta a gudun hijira. Da ƙura ta lafa mahaifin ya ɓalle gefen wani akwatin ganyen shayi, ya samo ragowar fenti, ya zauna ya zana wurin da ya saba ganinta kowace safiya in zai wuce wurin aiki.

"Bai iya fuska ba," in ji Anti. "Sau uku yana gwadawa yana kankarewa. A ƙarshe ya ɗiga mata fenti ya ce, mu dai mun san ita ce."

Wata rana ta sa na sauko mata da shi, ta juya bayansa. Tambarin kamfanin shayin yana nan ya dusashe. A ƙarƙashinsa akwai rubutu da fensir, layi-layi, hannu daban-daban: duk gidan da zanen ya taɓa zama an rubuta shi. Gidajen ma'aikatan jirgi guda uku, da hannun mahaifinta. Sai wani gida a Singafo, inda yayanta ya tafi da shi bayan rasuwar uban ba tare da ya shawarci kowa ba, suka yi shekara goma sha ɗaya ba sa magana, sai da ciwon ajali ya kama shi ya hau jirgi ya kawo mata da hannunsa. Sai gidan aurenta na farko a bakin wani rafi a nan Kuala Lumpur, inda aka yi ambaliya mijinta ya ɗora zanen a ka, ruwa iya ƙirji, ya bar rediyo da keken ɗinki. Layi na ƙarshe gidan da muke ciki ne. Ta ce cocin yana nan har yau, amma an zuba siminti a bakin kogin, matakalar babu ita.

Na tambaye ta me ya sa ba ta tafi da shi gidan ɗanta a Bukit Jalil ba, inda take zaune yanzu.

"Mijina ne ya kafa ƙusar nan," ta ce. "Can baƙunta nake yi. Ranar da na cire shi daga nan, na bar gidana ke nan."

A shekararmu ta biyu na sami ciki. Anti ta fi kowa murna, ta hana ni cin abarba, ta ce in rage hawa bene ko da lif ta lalace. Ina wata bakwai ɗanta ya kira maigidana ya ce ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, tana asibiti. Mun je dubiya sau ɗaya. Bakinta ya karkace, ta riƙe hannuna da hannun da ke aiki, ban gane abin da ta ce ba.

A watan ne kuma aka gama shirin zuwan Umma, mahaifiyata, don ta zauna da ni jego. Tun da aka sa ranar tafiyarta zanen ya fara yi min nauyi a ido. Umma mace ce da ko kalanda mai hoton tsuntsu ba ta bari a ɗakinta. Na riƙa hango ta ta shigo da gajiyar jirgi, ta ɗaga kai ta ga gicciye a falon 'yarta. Ga kuma suna: abokan maigida za su cika falon, lokacin salla ya yi, liman ya tsaya, coci a gaban goshinsa. Na san matan 'yan'uwanmu ɗalibai, kafin a watse labari ya isa Kano.

"Ki kira ɗan nata ki gaya masa mana," in ji maigidana. "Ya zo ya ɗauka, in an gama ya dawo da shi."

"Haba Malam. Mace tana kwance rai a hannun Allah, in aika mata cewa cocinta ya dame mu? Da wane bakin?"

"To ki gaya wa Umma tun a waya, ki yi mata bayani."

"Ita ma da wane bakin?"

Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan kwamfutarsa. "Ke kika karɓi amana, ke kika san yadda za ki yi da ita."

Na kuwa san yadda ake adana abu mai daraja, don na ga yadda Umma ke yi da kayan lefenta da suka shekara talatin ba su canza ba. Na sauko da zanen na goge shi da tsumma mai laushi. Na ɗauko atamfa mafi tsada a akwatina, wadda ban taɓa ɗinkawa ba, na naɗe shi. Na zuba kafur saboda kyankyasai. Na sa shi a babbar leda, na sake sawa a wata, na bi bakin da salatif har sau uku, yadda ko iska ba za ta shiga ba. Sannan na zura shi a bayan sif, a jikin bangon da ruwan sama ke duka ta waje. Ina yi ina jin daɗin kaina. Har na ce wa mai lemar, ki yi haƙuri, kwana arba'in ne kawai.

Na haifi 'ya mace. Umma ta sa maigidana ya zagaye gari neman ganyen darbejiya, sai a shagon wasu Indiyawa ya samo, ta riƙa tafasa ruwa a babbar tukunya tana yi min wanka safe da yamma, tana mitar ƙasar da ba a samun kanwa ta kirki. Aka yi suna, falo ya cika, aka yi jam'in azahar da la'asar a gaban farin bango mai ƙusa ɗaya. Umma ta yi wata biyu ta koma.

Ya kamata a ranar in mayar da zanen. Ban mayar ba. Jaririya ba ta barci, ni ma ba na yi, Anti kuma ba ta zuwa, ba wanda zai tambaya. Damina ta kankama, kullum ruwa. Takalman maigida na fata suka yi fumfuna, jakata ta biki ta yi kore, na goge su na shanya a baranda. Abin da ya fi ci min rai yanzu shi ne, ina goge jakar nan na tuna da zanen, na ce a zuciyata, gara da na sa shi a leda.

Wata biyar yana can. Ranar wata Alhamis ɗan Anti ya kira ya ce an sallame ta tuntuni, ta fara magana, kuma ta matsa sai an kawo ta gidanta ranar Lahadi.

Da safiyar Juma'a na kwantar da yarinya, na jawo ledar. Tun kafin in yanke salatif na ga gumi a cikinta, ɗigo-ɗigo. Da na buɗe wani wari ya bugo ni, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Atamfar ta jiƙe, ta manne. Na ɓamɓare ta a hankali, shuɗin jikinta ya zauna a sararin saman zanen. Fumfuna fara da baƙa ta rufe kogin, ta hau bangon cocin, kamar an watsa masa toka. Katakon ya kumbura, ya yi taushi a gefe.

Da na tsaya a nan, wataƙila da masu gyaran irin waɗannan abubuwa sun cece shi. Haka aka gaya min daga baya. Amma ni abin da na sani, duk abin da danshi ya kama rana ce maganinsa. Na kai shi baranda na jingina shi yana kallon rana tsaka, irin ranar nan ta nan mai zafi kamar bakin murhu. Na koma na ba yarinya nono. Bayan awa biyu na fito na tarar katakon ya lanƙwashe kamar ɓawon kankana, fentin ya tattashi ƙuraje-ƙuraje. Hankalina ya tashi. Na ɗauko tsumma na ce bari in share fumfunar ko ta wajen matakalar ce, in ga ko tana nan. Shafa ɗaya na yi. Na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsana. Da na ɗaga tsumman, daga lemar har farar rigar babu, sai katako tsirara, da ɗan guntun zaninta mai duhu a kan mataki. Mai kifin yana nan da hannunsa a miƙe.

Na durƙusa ina tsintar ɓarɓashin fenti a kan tayil, ina tarawa a murfin kwalba, kamar akwai abin da zan yi da shi. A haka maigidana ya dawo daga masallaci ya same ni. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Leda kika sa shi? A garin nan?"

"Ai kana gani na naɗe shi, ba ka ce komai ba."

"Ban san za ki toshe shi kamar daddawa ba."

Bai ƙara ba, don ya ga yadda nake. Da yamma ya kira ɗan Anti ya gaya masa komai, ya tura masa hoto. Mutumin ya ce idon mahaifiyarsa ya tafi tun ciwon nan, inuwa-inuwa kawai take gani. Mu mayar da shi kan ƙusarsa, mu ja labule, kada wanda ya ce komai. Likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali.

"Shi ke nan, Allah ya rufa asiri," in ji maigidana da ya ajiye wayar. "Ɗanta ne ya yanke, ba mu ba."

Na ce to. Ranar Asabar na wuni ina gaya wa kaina cewa tausayi ne, ba ƙarya ba.

Lahadi da hantsi ya turo ta a keken marasa lafiya. Ta rame, hannun hagunta na kwance a cinya kamar ba nata ba, amma maganarta ta dawo, sai ɗan ja da take yi. Na ɗora mata yarinya a jiki, ta shinshina kanta ta ce tana ƙanshin hayaƙi mai daɗi, na ce turaren wuta ne. Na kawo shayi. Sannan ta ce wa ɗanta ya juya ta. Ya juya keken ya fuskanci bango, ya koma bayanta ya tsaya yana kallona.

Ta ɗaga kai ta ƙura wa wurin ido, tana murmushi da rabin baki. "Ina ganin baƙin firam ɗin," ta ce. "Sauran sai ke, 'yata. Gaya min, yau saurayin nata tafiya zai yi ko dawowa ya yi?"

Wallahi na buɗe baki da niyyar in ba ta labari. Na iya, ba abin da na fi iyawa. Na fara da cocin, na ce yana nan fari da jan rufinsa, bishiyoyin kwakwa sun karkato. Na ce kogi ya kawo ruwa. Na gangaro matakala ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Da na iso mataki na ƙarshe sai na tsaya.

"Sai me?" in ji ta.

Ɗanta ya girgiza min kai. Maigidana ya sunkuyar da nasa.

"Anti, ba ta nan," na ce. "Na ɓata shi. Ni na goge ta da hannuna."

Ɗan ya yi wata magana da ƙarfi cikin yarensu. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta ce a miƙo mata zanen. Maigidana ya karɓi yarinya, ni na sauko da shi na ɗora mata a cinya. Ta fara shinshina shi. Sannan ta bi shi da yatsun hannun dama, daga lanƙwasar katakon zuwa ƙurajen fentin, ta gangara ba tare da ta yi kuskure ba har wurin da ya zama katako. Yatsanta ya tsaya a nan. Na durƙusa a gaban keken na gaya mata komai, atamfar, ledar, ranar, tsumman. Ba ta katse ni ba.

"Me ya sa kika cire shi?"

Wannan ce tambayar da na fi tsoro. Na ce mahaifiyata ce za ta zo, da baƙi, kuma nan ne alƙiblarmu.

"Saboda cocin."

"E."

"Kafin ku wasu Malayawa sun zauna a nan shekara huɗu," ta ce a hankali. "Matar ta gaya min tun ranar farko. Na ce ta rataya masa ɗankwali in za su yi salla. Da azumi nakan zo in ɗauke shi, bayan salla in dawo da shi. Ba mu taɓa samun matsala ba." Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. "Shekara biyu ina shan shayinki. Kin ɗauka ban san ku Musulmi ba ne?"

"Kunya na ji, Anti."

"Kunya," ta maimaita, kamar tana ɗanɗana abin da ba ta taɓa ci ba.

Na ce ta yafe min don Allah. Ta ce wa ɗanta su tafi, ta kifa zanen a ƙirjinta ta riƙe da hannu ɗaya. A bakin lif ɗan ya juyo ya ce min, a ƙasa-ƙasa, "Kin sauke naki nauyin, kin ɗora mata. Kin ji daɗi yanzu?" Bayan wata biyu ya aiko mana cewa za a sayar da gidan in wa'adinmu ya cika, mahaifiyarsa ta ce ba ta da sauran abin yi da shi.

Na kira Umma na ba ta labari ina kuka, ina jiran ta ce ai coci ne, Allah ya raba mu da shi. Sai ta yi salati.

"Ke yanzu saboda ni kika yi wannan aika-aikar? Ni na ce miki ina cin mutane? Da kin faɗa min ai sai mu yafa masa mayafi, kayan mutane ne. Hoton uwarta fa kika ce! Wannan hakki ne, ba ruwansa da addininta. Ki tashi ki je, ki yi ta zuwa har sai ta ce ta yafe."

Na je sau ɗaya, ana saura mako uku mu koma wani gida. Na goya yarinya na hau jirgin cikin gari har Bukit Jalil, na riƙe kwanon dambun nama da na kwana biyu ina yi. Mai aikinsu ta shigar da ni. Anti tana zaune a bakin taga a wani falo fari ƙal mai sanyin na'ura. Na duba bangayen a sace, ban ga zanen ba, ban kuma tambaya ba. Ta karɓe ni da mutunci. Ta taɓa ƙafar yarinya ta ce ta yi nauyi, ta tambayi karatun maigida, ta sa aka kawo min ruwan lemo. Sai dai "Madam" take ce min.

Da na ga zaman ya isa, na sauka daga kujera na durƙusa, na sake roƙonta.

Yarinya tana ta jan igiyar tabaran Anti, ba ta hana ta ba.

"Na san ba da mugunta kika yi ba," ta ce. "Da da mugunta ne da ya fi min sauƙi. Kowane mako ina gaya wa fada, limamin cocinmu, yana ce min wajibi ne in yafe, ni ma na sani. Da safe nakan tashi in ga kamar na yafe. Sai in nemi fuskarta a raina, in tarar ko ɗigon ma ya fara ɓace min." Ta gyara hannunta mara motsi da ɗayan. "Ina ƙoƙari, Madam. Ba zan yi miki ƙarya ba, tun da ke ma ba ki yi min ba. Ina ƙoƙari."

Na ce na gode. Na goya 'yata, mai aikin ta raka ni har bakin lif, ta miƙo min kwanona an juye an wanke.